Kujera Mai Naɗewa: Daga Fadar Fir'auna Zuwa Shagon Kafinta

A wurinmu kujera mai naɗewa ba ta cikin kayan daraja. Ita ce ake jinginewa a bayan sahu saboda dattijon da gwiwa ta hana shi sujada, ita ce alhazai kan sayo a kasuwannin Makka su rataya a kafaɗa, ita ce mai gadi kan buɗe a bakin ƙofa in dare ya yi. Siririn ƙarfe ne da ɗan yadi, in ta karye a yar a sayi wata. Babban baƙo kuwa kushin ake jawo masa, irin wadda sai ƙarti biyu sun kama. Amma an yi shekaru dubbai lamarin yana a juye. Mai mulki ne ke zama a kan mai naɗewa, ana biye da shi da ita duk inda ya nufa, sauran jama'a suna tsaye ko suna ƙasa.

Akwai jikanyar waɗancan kujeru da har yau ake cinikinta a shagunan kayan da na Turai da Amurka, jefi-jefi kuma takan ɓullo a gwanjon kayan gida a nan wajenmu. Katako ce zalla, aikin hannu, ana kiranta kujerar Savonarola. Ita nake so mu duba, domin a ganina babu kujerar da ke tona asirin kafinta kamarta.

In ka tsaya a gabanta, abin da za ka fara gani shi ne harafin X mai lanƙwasa. Ba ta da ƙafafu huɗu irin na kujerun da muka saba. Sillayen katako ne masu yawa, kowanne an yanke shi da lanƙwasa biyu. Jeri ɗaya ya taso daga ƙasa ta hagu ya ƙare a hannun dama, ɗaya jerin ya taso daga dama ya ƙare a hannun hagu, a tsakiya kuma suna ratsa juna ɗaya bayan ɗaya, yadda mutum ke sarƙe yatsun hannayensa biyu. Wata za ka ƙirga bakwai a kowane gefe, wata takwas, wata fiye da haka. Daidai inda suka gicciya an huda su duka an zura sanda guda, a kanta suke juyawa. Mazaunin ma gajerun sillaye ne da aka sarƙe haka nan. A ƙasa kowane jeri ya shige cikin wani dogon katako da ke kwance, wanda sau da yawa akan sassaƙa bakinsa da siffar dagin zaki, a sama kuma ya shige cikin abin ɗora hannu. Majinginar allo ne guda, shi ne kuma makullin kujerar: muddin yana zaune a gurbinsa ba za ta rufe ba. Ka ɗage shi, ka kama tsakiyar mazaunin ka ja sama, sai ka ga hannayen nan biyu sun taho sun haɗu, kujerar da ta cika wuri ɗazu ta koma abin da yaro zai saɓa.

Dabarar ta girme wa Italiya nesa ba kusa ba. Misirawan da suna da 'yar tsuguno mai naɗewa tun wajen shekara 2000 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam: katako biyu a gicciye, fata a shimfiɗe a sama. Daga baya suka riƙa sassaƙa ƙarshen ƙafafun da siffar kan agwagwa, baki na cizon sandar ƙasa, an yi masa ado da hauren giwa. Da Howard Carter ya gano kabarin Fir'auna Tutankhamun a 1922, cikin kayan da aka fito da su har da wata kujerar alfarma ta baƙin katako da hauren giwa da zinariya, ƙafafunta a gicciye irin na mai naɗewa, amma an kafe ta an sa mata majingina, ba ta naɗewa sam. Ke nan tun a lokacin siffar kanta ta riga ta zama alamar sarauta, ko da ba za a ɗaga kujerar daga inda take ba. A can arewacin Turai ma, a wani tudun kabari da ake kira Guldhøj a Danmak, an tono wata a 1891 cikin kututturen itacen da aka rarake aka binne mutum a ciki. Ta kai shekara 3,300, mazauninta fatar karen ruwa ne, tana gidan tarihi na Kofanhegan.

Rumawa ne suka mai da abin doka. Manyan jami'ansu, wato shugabanni biyu da ake zaɓa kowace shekara da manyan alƙalai da wasu ƙalilan, su kaɗai ke da ikon zama a kan wata kujera mai naɗewa da akan yi wa ado da hauren giwa, ba majingina, ba abin ɗora hannu. Duk inda aka buɗe ta, nan ya zama wurin shari'a. Har kyautarta sukan yi ga sarkin da suka amince da shi. Marubucin tarihi Livy ya ruwaito cewa a shekara ta 203 kafin haihuwar Annabi Isa, kwamandansu Scipio ya ba Masinissa, sarkin Numidiya, yankin da yau ya faɗa cikin Aljeriya, irin wannan kujera tare da kambin zinariya da sandar hauren giwa. Sarakunan Turai da manyan limaman coci suka gaji al'adar, saboda mulkin wancan zamani a kan doki ake yinsa, kuma mai yawo dole karagarsa ta iya bin sa. A Faris akwai wata ta tagulla da ake dangantawa da Sarki Dagobert. Napoleon ya sa an ɗauko masa ita ya zauna a kai a sansanin sojansa na Boulogne a 1804, lokacin da yake raba lambobin girma. Mutumin da bai gaji sarauta ba ya san abin da tsohuwar kujera ke ƙara wa mai zama.

Ta katako mai sillaye da yawa, wadda muke magana a kai, ta yi tashe a Italiya a ƙarni na 15 da na 16. Gidajen attajiran Filorens da Banis na lokacin manyan ɗakuna ne da kaya kaɗan: akwatuna, benci, tebur, sai 'yan kujerun da ake kaiwa duk ɗakin da aka yi baƙi. An fi yin masu kyau da katakon walnat, mai duhu, mai tauri, mai karɓar sassaƙa.

Sunan da ta samu kuwa abin dariya ne in ka san mai shi. Girolamo Savonarola malamin coci ne mai zafin wa'azi, an haife shi a Ferrara a 1452, ya zama shugaban gidan ibada na San Marco a Filorens. Bayan an kori gidan Medici daga mulki a 1494, maganarsa ce ta zama doka a birnin. A watan Fabrairun 1497 yaransa suka bi gida-gida suka tattaro madubai, kayan kwalliya, tufafin alfarma, katin caca, kayan kiɗa da zane-zane, aka tara a dandalin gari aka cinna wuta. Bai daɗe ba rana ta juya masa: Fafaroma Alexander na 6 ya kore shi daga coci, ranar 23 ga Mayu 1498 aka rataye shi aka ƙone gawarsa a wannan dandalin, aka zuba tokar a kogin Arno. Ba shi ya ƙirƙiro kujerar ba, a zamaninsa ma ba a kiranta da sunansa. Akwai dai wata irinta a ɗakinsa na San Marco da ake dangantawa da shi, sai a ƙarni na 19 aka laƙaba wa duk dangin sunan. Mutumin da ya ƙone kayan alatu, yau da sunansa ake sayar wa masu kuɗi kayan ado na falo. 'Yar uwarta mai ƙafafu huɗu masu kauri da mazaunin fata ko karan-miski ita kuma aka ba ta sunan mawaƙi Dante, wanda ya rasu tun 1321. A Jamus irin wannan kujera sunan malamin coci Luther aka ba ta. Dillali ya san kaya sun fi tafiya in an jingina su ga wani babba.

A nan ne mai saye ya kamata ya buɗe ido. Mafi yawan waɗanda ake gani a kasuwa yau ba su ga ƙarni na 16 ba. A ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20 attajiran Ingila da Amurka suka haukace da son kayan tsohuwar Italiya. A 1916 wani dillalin kayan tarihi, Elia Volpi, ya kwashe kayan gidan Davanzati na Filorens ya yi gwanjonsu a New York, abin ya ƙara rura wutar. Na ainihi ba su da yawa, masu nema sun yi yawa, sai kafintocin Italiya suka duƙufa suna yin sababbi a tsohon salo, wasu kuma ana haɗa su da guntayen tsofaffin katakai. Ban ɗauki waɗannan a matsayin abin raini ba. Da hannu aka yi da yawa daga cikinsu, kuma yanzu su ma sun haura shekara 100, wadda ita ce iyakar da 'yan kasuwar ke bi kafin su kira abu kayan tarihi. Laifin yana ga wanda ya sayar maka da ta 1900 a kuɗin ta 1500.

Na taɓa ganin yadda ake karanta irin wannan kujera a shagon kawuna, wanda kafinta ne. Wani tsohon ma'aikaci ya kawo ta gyara, ya ce a hannun wani Baturen injiniya ya saye ta lokacin da zai koma gida. Sillaye biyu sun karye daidai inda suka lanƙwasa. Kawu bai kula da zanen da ke jikin majinginar ba ko kaɗan. Ya buɗe ta ya rufe, ya sake buɗewa yana sauraro. Ya kifa ta ya bi ƙasan sillayen da tafin hannu, inda ba a shafa mai ba. Na ce, “Kawu, tsohuwa ce?” Ya ce, “Taɓa nan ka ji.” Na shafa, sai na ji katakon yana ɗan hawa da sauka, abin da ido ba ya gani. Sawun hannu ke nan. Inji ba ya barin haka. Ya nuna min kuma sillayen ba su zo daidai da juna ɗari bisa ɗari ba, wani ya ɗara wani kauri da ɗan kaɗan. A bayan majinginar akwai ƙusa mai murɗi guda biyu masu kai a tsage gida huɗu, irin da ba su shigo kasuwa ba sai a shekarun 1930, amma katakon da ke kewaye da su ya nuna daga baya aka ɗaura su, wani ne ya yi gyara kafin mu. Da ya gama, abin da ya ce kawai shi ne wanda ya yi ta ba ya sauri.

Gyaran ne ya nuna min inda wahalar take. Kawu ya zare sandar tsakiya, ya ɗora lafiyayyen sille a kan kwali ya zana, ya yanke. Sai ya shiga juya kwalin nan a kan allon maɗaci, ya sa nan ya ɗauke, ya sa can ya ɗauke. Yana neman inda jijiyar katakon ta bi lanƙwasar ne. Katako yana da ƙarfi ta tsawon jijiyarsa, amma in ka yanko abu mai lanƙwasa daga miƙaƙƙen allo, dole wani wuri jijiyar ta gajarta ta ratsa sillen a karkace, kuma nan ne zai tsage ranar da mai jiki ya zauna da ƙarfi. Nan ɗin ne waɗancan biyun suka karye. Kafintan da ke tsimin katako zai jera zanen a matse don allo ɗaya ya ba shi sillaye da yawa. Wanda ke son kujera ta yi ƙarko zai yarda ya yi asarar rabin allon.

Sai huji. A kujera ta yau da kullum, in ƙafa ɗaya ta ɗan goce, a cusa gam a buga ƙusa a shafe da fenti, ba mai sani. A nan kuwa sanda ɗaya ce za ta ratsa sillaye goma sha huɗu ko fiye, kuma akwai wasu sandunan a mazauni da su ma dole su zo daidai. Rami ɗaya ya kauce, kujerar ta cije, ko ta ƙi rufewa, ko ta buɗe ta tsaya a karkace. In ramin ya yi faɗi ta riƙa rawa, in ya matse ta riƙa kuka tana cin kanta. Kuma ba a sa gam a wurin da ke juyawa, don haka ba abin da zai rufa wa mai aikin asiri. Shi ya sa gwanaye kan matse sillayen wuri ɗaya su huda su tare.

Da na kalli kujerar a rufe, sai na tuna ashe muna da danginta a kusan kowane gida: ɗan katakon nan da ake ɗora Alƙur'ani a kai. Shi ma X ne mai buɗewa da rufewa, kuma na gargajiyar daga allo ɗaya ake fidda shi, a sassaƙa haƙoran da suka sarƙe juna a tsakiya sannan a tsaga allon biyu, ba ƙusa ba gam. Dangantakar ba ta tsaya nan ba. Adon da ake yi wa wasu kujerun Italiya, na 'yan ƙananan gutsattsarin ƙashi ko hauren giwa da ake dasawa cikin katako su ba da taurari da kusurwoyi, ya ɗauko salo daga aikin Musulmi, kuma a Andalus an yi kujeru masu gicciyayyun ƙafafu da irin wannan ado. A ƙarni na 19 masu sana'a a Dimashƙ da Alƙahira su ma sun riƙa yin masu sillaye da yawa, suna dasa musu ɓawon katantanwar teku mai ƙyalli. Waɗanda suka san fadar Asante a Kumasi kuma sun san kujerar sarakuna da ake kira akonkromfi, mai ƙusoshin farin ƙarfe da tagulla jere a jiki: daga kujerun Turawa masu naɗewa aka ɗauko siffarta, ƙafafu a gicciye, amma ba ta naɗewa. Abin da masassaƙan Tutankhamun suka yi, shi na Asante suka maimaita ba tare da sun san juna ba.

Cikin kujeru masu naɗewa, wadda ta fi kowacce tsada yau ba ta Italiya ba ce, ta ƙasar Sin ce. Sinawa sun karɓi 'yar tsuguno mai naɗewa daga maƙwabtansu na yamma tun wajen ƙarni na 2, suka yi ta inganta ta har ta zama kujera mai zagayayyen baya wadda ake bin sarki da manyan hakimai da ita wajen farauta da rangadi. Na zamanin daular Ming da aka yi da katakon huanghuali kaɗan ne suka rage, don abin da ake naɗewa ana yawo da shi bai cika tsufa lafiya ba. A watan Oktoban 2022 kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da guda ɗaya a Hong Kong a kan kusan dalar Amurka miliyan 16.

Wannan labari ya shafe mu fiye da yadda muke zato. Itacen huanghuali ya kusa ƙarewa a tsibirin Hainan, amma son kayan ɗaki na tsohon salo bai ragu a Sin ba, sai ma ƙaruwa. Masana'antu suka bazama neman katako mai kama da shi, suka same shi a dazukanmu: maɗobiya, wadda masu sara a Taraba ke kira madrid. Duk wanda ya bi hanyoyin Taraba da Adamawa a shekarun da abin ya yi ƙamari ya ga tireloli shaƙe da gungumomi sun nufi tashar jirgin ruwa. A 2016 aka sa itacen cikin jerin waɗanda yarjejeniyar duniya ta CITES ke sa wa ido, a 2018 kuma aka dakatar da fitar da shi daga Nijeriya. Mun sayar da gungume a arha, wasu suka mai da shi kujerar da ake gado. Abin da ya fi ci min rai shi ne kafintocinmu na iya yin wannan aiki, mu ne ba ma ba su. Mun fi son a buga firam da ɗanyen katako, a lulluɓe da soso da yadi mai sheƙi, a kawo kafin ranar ɗaurin aure.

Wanda ya ci karo da tsohuwar kujera irin wannan, bayan abin da Kawu ya duba akwai wasu 'yan alamu. Ya dubi inda ya kamata ta goge: bakin abin ɗora hannu, gaban mazauni, ƙasan katakon da ke jan ƙasa. In tsufan ya bazu ko'ina daidai wa daida, har inda hannu ba ya kaiwa, to da gangan aka tsofar da ita. Ramukan ƙwaro ma ana yin na ƙarya. Na gaskiya ƙwaron kan yi ta karkata a ciki, in ka zura siririyar waya ba za ta yi nisa ba, na ƙarya kuwa a miƙe yake. In ka ga garin katako sabo yana zubowa daga ramin, ƙwaron na nan da rai, kada ka shigar da ita ɗaki sai an yi magani. In an ce maka adon jikinta hauren giwa ne, ka sani tun 1990 aka hana cinikinsa tsakanin ƙasashe, fita da ita kan iya jawo maka rigima a filin jirgi.

Yanayinmu ma ba ya raga mata. Katakon da ya saba da danshin Turai, in hunturu ya kama shi a Kano ko Zinder, yakan tsuke, gaɓoɓi su saki, wani wuri ya tsage. Da damina ya kumbura, kujerar ta ƙi rufewa. Kada a tilasta mata. A ajiye ta nesa da rana da bakin taga, a ɗaga ta daga ƙasa mai danshi saboda gara, a goga ɗan kyandir a inda sillayen ke gugar juna, jikin kuma kakin zuma da tsumma mai laushi sun ishe shi. Babban ta'adin da ake yi wa irin waɗannan kaya shi ne a bi su da samfefa a kankare duhun nan da shekaru suka tara, a fesa musu fenti mai ƙyalli wai don su koma sababbi. Duhun shi ne rabin kuɗinta, kuma in ya tafi ba ya dawowa.

In kuwa sabuwa kake so, kai wa kafintan da ka yarda da shi hoto daga gaba da gefe da baya. Ka nemi maɗaci ko kawo wanda ya bushe sosai, ka biya kuɗin allon da zai yi asara, kada kuma ka sa masa ranar biki a gaba. Ranar karɓa, kafin ka zauna, ka buɗe ta ka rufe da hannu ɗaya. In ta cije, ka bar masa ita ya gama aikinsa.